Faya-fayan tsohuwar saba sun ƙi karɓar fomat, me RAID ya bari a jikinsu?

Mai_Studio_Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin saba da Linux ku taimaka mini, yau kwana uku ke nan ina fama. Ofishin da na taɓa aiki sun sauya saba, sai tsohon ogana ya ba ni had disk huɗu da aka ciro daga tsohuwar, kowanne TB 4, SATA. Sabar Dell R720 ce, kuma ya ce a RAID 5 suke, wato an haɗa su suna aiki kamar faifai ɗaya, ko ɗaya ya mutu bayanan na nan. Ni kuma ɗaukar bidiyon biki ce sana'ata, ayyukan mutane sun cika mini ƙananan faya-fayai har tara a durowa, shi ne na ce bari in tayar da wata tsohuwar kwamfutar tebur in sa mata Ubuntu ta zama rumbun ajiya.

Da farko na sa su ɗaya bayan ɗaya a akwatin USB, na jona da laftof mai Windows, na yi musu fomat. Ya yi, amma kowanne sai ya nuna 2048 GB, sauran 1678 GB kuma baƙi ƙirin, ko dannuwa ba ya yi. Na ce to, a Ubuntu zan gyara. Da na ɗaura su cikin kwamfutar, uku ne suka fito, na huɗun ko motsi ba ya yi. Ukun kuma in na rubuta mkfs.ext4 /dev/sdb sai ya amsa mini da "apparently in use by the system, will not make a filesystem here". Wa ke amfani da shi? Ni ban buɗe komai ba. RAID ɗin ne ya cinye rabin kowanne, ko dai matattu aka ba ni?

Bakatsine_77:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. Mayar da su Windows, buɗe diskpart, list disk, select disk, clean. Magana ta ƙare. Haka nake yi kullum a shago.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka share komai, rubuta mana abin da waɗannan biyun suka nuna:
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,FSTYPE
cat /proc/mdstat
Ina da zato, amma gani ya kori ji.

Mai_Studio_Kano:
Na gode Injiniya. A lsblk, sdb da sdc da sdd duk 3.6T, kuma a gefen kowanne an rubuta ddf_raid_member. A mdstat akwai md127, inactive, ga sunayen ukun a jere, ƙasa kuma "super external:ddf". Ban taɓa ƙirƙirar wani md127 ba wallahi.

Injiniya_Zazzau:
Madalla, abin da na zata ke nan. Faya-fayanka lafiyarsu lau ta wannan ɓangaren, kuma ba abin da aka cinye.

Ka san yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida a jiki, ko ta shiga wani garken an san daga inda ta fito? Katin RAID ma haka yake yi. Katin RAID na Dell, wato PERC, da ke cikin wannan sabar yana rubuta wa kowane faifai tambari: kai na garke kaza ne, kai ne na biyu cikin huɗu, ga girman yankan da ake raba bayanai da shi. Tsarin rubutun shi ake kira DDF, kuma a can wutsiyar faifan ake ajiye shi, ba a farko ba. Windows bai san DDF ba, shi ya sa bai ce maka uffan ba. Fomat ɗin gaggawa kuwa teburin fatishin da 'yan bayanan NTFS kawai yake rubutawa, bai je wutsiya ba. Linux kuma ya iya karanta DDF. Yana tashi ya ga tambarin, sai mdadm, manhajar RAID ta Linux, ya tattara ukun a ƙarƙashin sunan md127 ya riƙe su yana jiran na huɗu. Shi ne mai "amfani" da su da kake tambaya.

Batun 2048 GB daban ne. Lokacin da Windows ya tambaye ka irin teburin fatishin da kake so, MBR ko GPT, MBR ka zaɓa, ko ba haka ba? MBR ba ya iya ƙirga fiye da TB 2 a faifan da kowace sektarsa (ƙaramin yankin ajiya) ke ɗaukar bait 512. Sauran wurin na nan, GPT kawai yake jira.

Mai_Studio_Kano:
Haka ne kuwa, MBR na danna, don shi na saba da shi. Allah ya ƙara basira. To yanzu yaya zan cire tambarin?

Hajiya_Admin:
Ku dakata tukuna. Ƙanena, tambaya ɗaya kafin umarnin shara: ka tabbata ofishin nan sun kwashe duk abin da ke ciki? Ba "ina ji" ba. Na ga inda aka raba faya-fayan tsohuwar saba kyauta, bayan wata biyu akanta ya zo neman takardun albashi na shekarun baya, ashe ba a kwafe wannan jakar ba. Uku cikin huɗu na RAID 5 sun isa a ta da bayanai, muddin tambarin na nan, duk da fomat ɗin da ka yi ya riga ya taɓa farkonsu. Da zarar ka goge tambarin, aikin ya koma na ƙwararrun ceto, da tsada. Kira ogan naka ka ji daga bakinsa.

Ɗan_Sabon_Gari:
Gaskiya Hajiya ta faɗi magana. Kuma ko sun kwashe, amana ce a hannunka. Akwai sunayen mutane da lambobin asusunsu a ciki. Ba tambari kaɗai ya kamata ka goge ba, faifan gaba ɗaya za ka bi da sifili. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, ofishin ne ya kamata su share kafin su bayar.

Bakatsine_77:
To ai shi ya sa na ce diskpart. In ana son share duka, clean all ne maimakon clean. Ba sai an shiga wannan dogon turancin na Linux ba.

Injiniya_Zazzau:
@Bakatsine_77 clean all zai yi aiki, ban musa ba, don yana bin kowace sekta. Amma zai ɗauki awa bakwai zuwa takwas a kan kowane faifai, ta akwatin USB ma wataƙila ya fi haka, kuma ba ya nuna maka inda ya kai, baƙin allo kawai za ka zuba wa ido. Sannan akwai akwatunan USB da ke nuna girman faifai ba daidai da yadda madabod ke ganinsa ba. In aka yi rashin sa'a, wutsiyar da muke nema ita ce ba za a taɓa ba. Tunda sun riga sun hau kebul ɗin SATA kai tsaye, a yi aikin a nan.

Mai_Studio_Kano:
Hajiya na kira shi yanzun nan. Ya ce tun watan azumi suka kwashe komai zuwa sabuwar, sun kuma yi wata uku suna aiki da ita kafin su kashe tsohuwar. Ya ce in share, har ya yi mini godiya da na tambaya.

Hajiya_Admin:
Alhamdulillah. To bismillah, Injiniya ba shi.

Injiniya_Zazzau:
Ga shi, a jere, kada ka tsallake:
sudo mdadm --stop /dev/md127
In ka ga md126 ma a mdstat, shi za ka fara tsayarwa, don shi ne ainihin rumbun, md127 kuma kwandon da ke ɗauke da shi.
sudo wipefs -n /dev/sdb
Wannan -n ɗin ba ya goge komai, nuna maka kawai zai yi tambarin da ya gani da inda yake. In ka gamsu:
sudo mdadm --zero-superblock /dev/sdb
sudo wipefs -a /dev/sdb
Ka maimaita wa sauran biyun, ka kashe kwamfutar ka kunna, ka sake duba mdstat. In babu md127, an rabu.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ɗana, kafin ka danna Enter a kan wipefs, saurari wannan. Sunayen sdb da sdc ba sunan yanka ba ne, suna iya sauyawa duk lokacin da aka kunna na'ura. A shekarun baya ina kula da sabar wata makaranta, na duba da safe faifan da zan share sdc ne. Wuta ta ɗauke, aka ta da janareta, na dawo na ci gaba daga inda na tsaya ban sake dubawa ba. Ashe filashin da na bari a jiki ya ture jerin, sdc ya zama faifan da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Mun dawo da mafi yawa daga kwafin da ke wurin shugaban sashe, amma na zango guda sai da malamai suka sake shigarwa da hannu daga takardu, mako biyu suna yi. Har yau in na tuna fuskar malamar lissafi raina ɓaci yake.

Tun daga ranar ba na aiki da sdb. Ina duba lambar siriyal da ke jikin takardar faifan, in nemo ta a /dev/disk/by-id, da wannan dogon sunan nake ba da umarni. Kuma duk faifan da ba na so a taɓa, zare masa kebul nake yi. In kana da ɗaya daga faya-fayan bikin nan a jone, cire shi yanzu. wipefs ma yana da -b, yana ajiye kwafin abin da ya goge, sa shi ba ya cin komai.

Mai_Studio_Kano:
Subhanallah. Baba na gode, akwai guda a jone kuwa ta USB, na bikin makon jiya. Na cire shi.

Ummu_Linux:
Bari in ƙara wani abu, ko ba don mai tambaya ba, don wanda zai zo karantawa gaba. Ba kowane RAID ne ke ajiye tambarinsa a wutsiya ba. Na mdadm kansa iri-iri ne: 0.90 da 1.0 a ƙarshe suke, 1.1 a farko cak, 1.2 wanda shi ne na yau da kullum yana KB 4 daga farko. Kuma in a kan fatishin aka gina RAID ɗin, to tambarin na cikin fatishin ɗin, wato sdb1, ba sdb ba.

Abin da ya faru da ni: na goge teburin fatishin na ɗauka shi ke nan, na yanka sabo. Sabon ya fara daga sekta 2048, daidai inda tsohon ya fara. Ina ajiyewa sai ga md127 ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, don tambarin na kwance a wurinsa, ƙofar kawai na rufe na sake buɗewa. Saboda haka a fara da ciki: wipefs a kan sdb1, sdb2, sannan a zo kan sdb. Masu ciro faifai daga akwatin ajiya irin na Synology ko QNAP su kula da wannan sosai, mdadm ne a ƙarƙashinsu, kowane faifai da fatishin uku ko fiye, galibi kuma da LVM, wani tsarin raba wurin ajiya, a sama, sai an kashe shi da vgchange -an kafin md ya yarda ya tsaya. ZFS kuma, wani tsarin ajiya ne daban, tambari huɗu yake yi, biyu a gaba biyu a baya, nasa maganin zpool labelclear.

Sabon_Shiga_01:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda maganar ta zo. Na sayi faya-fayan saba irin SAS guda biyu 'yan gwanjo, 900 GB kowanne, na sa a sabata. lsblk yana nuna su amma girmansu 0B. Na gwada wipefs ɗin da aka faɗa a sama, ya ƙi. Mai kayan ya ce ba ya karɓar mayarwa. Tambarin ne ni ma?

Bakatsine_77:
0B ai mutuwa ce ɗan'uwa. Sai haƙuri.

Ummu_Linux:
@Sabon_Shiga_01 kada ka jefar tukuna. Rubuta sudo dmesg | grep -i sector ka gaya mana.

Sabon_Shiga_01:
Ya ce "Unsupported sector size 520". Sau biyu.

Ummu_Linux:
To ba su mutu ba. Daga manyan akwatunan ajiya irin na NetApp ko EMC aka ciro su. Su ba sa yanka sekta mai bait 512 kamar kowa, 520 suke yi, ƙarin takwas ɗin na binciken kuskure ne nasu na cikin gida. Linux ba ya aiki da 520, shi ya sa ya ce sifili. Za ka sa sg3-utils, ka nemo lambar sg ta faifan da sg_scan -i, sannan:
sudo sg_format --format --size=512 /dev/sg2
Ka sa lambar taka, ba tawa ba. Zai ba ka 'yan daƙiƙu ka fasa in ka yi kuskure, daga nan faifan da kansa zai shiga aiki na awanni. Tunda har Linux ya gan su, alama ce katinka na miƙa su kai tsaye. Wanda katinsa ke yanayin RAID zalla, irin H710, ba zai ma ga faifan ba, sai ya nemi katin HBA, mai miƙa faifai kai tsaye ba RAID, kamar LSI 9211-8i a yanayin IT.

Mai_Sola_Gusau:
Kuma don girman Allah kada ka fara wannan a kan wutar NEPA. In ta ɗauke a tsakiya faifan zai tashi yana cewa fomat ɗinsa ya lalace. Galibi in aka sake daga farko yana dawowa, amma me ya kai ka? Ka jira ranar da batirin inbata ya cika, ka fara da hantsi.

Mai_Studio_Kano:
Jama'a albishir. md127 ya tafi, na kunna sau biyu bai dawo ba. Na yi GPT, kowanne ya fito 3.6T cif. Allah ya saka da alheri. Saura na huɗun da ba ya juyawa. Abin da ya ɗaure mini kai, a akwatin USB yana tashi lafiya, har fomat na yi masa. A cikin kwamfutar kuwa na sa kunne, na dafa shi, shiru. Na sauya kebul ɗin bayanai, na sauya rami a madabod, duk ɗaya.

Ɗan_Sabon_Gari:
Fawa fak ɗinka ne ya gaza. Faifai huɗu na jan wuta sosai lokacin tashi. Nawa ne wat ɗinsa?

Mai_Studio_Kano:
450 ne. Amma na cire sauran ukun na bar shi shi kaɗai, bai tashi ba.

Injiniya_Zazzau:
To ba ƙarfin wuta ba ne. Duba takardar jikinsa, shekararsa ɗaya da sauran? Kuma duba kebul ɗin wutar da ka sa masa, wayoyi nawa ne, akwai mai ruwan lemo?

Mai_Studio_Kano:
Ukun 2015 ne, shi kuma 2019, kamfaninsu ma ba ɗaya ba. Wayoyi biyar ne: rawaya, ja, baƙaƙe biyu, da mai ruwan lemo.

Injiniya_Zazzau:
Shi ke nan. Wani faifai ya mutu a sabar aka sauya da wannan. A sabuwar ƙa'idar SATA, fin na uku na bakin wuta an ba shi sabon aiki: in aka sa masa wuta, faifan ya kashe kansa. An yi haka ne don mai kula da saba ya iya kashe faifai ya kunna daga nesa ba sai ya je ya zare ba. Tsohon fawa fak kuwa bai san da zancen ba, wayar nan mai ruwan lemo tana ba fin na ɗaya zuwa na uku volt 3.3 ba dare ba rana. Wato tun da ka kunna ake ce wa faifan "kwanta". Akwatin USB ba ya ba da 3.3, shi ya sa yake tashi a can.

Magani: ka rufe fin na uku da ɗan siririn salatif mai jure zafi, irin ruwan zuma da masu gyaran waya ke amfani da shi. Ana ƙirgawa daga gefen da ke kusa da bakin bayanai, inda lanƙwasar take. In ya yi maka ƙanƙanta, rufe ukun farko duka, faifai irin wannan ba ya bukatar 3.3.

Bakatsine_77:
Ko ka sayi 'yar jona daga Molex zuwa SATA, ba ta da wayar lemo. Ta fi sauƙi.

Mai_Sola_Gusau:
Ta fi sauƙi amma a kula da irin wadda aka narka robar a kan wayoyin. Na ga wadda ta kama wuta a cikin kwamfutar wani abokin aiki, bakin faifan ya ƙone ƙurmus. In za a saya a nemi wadda ake ganin wayoyin an matse su cikin ƙarfe. Na'urar da za ta kwana a kunne a shago ba mutum, ni salatif ɗin zan zaɓa.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ni damuwata ba ta tambari ba ce yanzu, wannan an gama. 2015 fa aka ce. Ɗana, sa smartmontools, manhajar duba lafiyar faifai, ka ba mu smartctl -a na kowanne. Layuka biyar nake so: 5 (sektar da aka sauya wa wuri), 9 (awannin aiki), 197 da 198 (sektar da ta ƙi karantuwa) da 199 (kuskuren kebul).

Mai_Studio_Kano:
Salatif ya yi aiki, na huɗu ya tashi! Sai da na yi sau uku don yana zamewa in na tura kebul.
Baba ga sakamako. Layi na 9: ukun suna wajen 41,200, na huɗu 9,300. Layi na 5: sifili, sifili, 16, sifili. Layi na 197: duk sifili sai na ukun nan, 8. Layi na 198 sifili duka. Layi na 199: na farko yana da 3. Amma a sama duk an rubuta PASSED.

Tsohon_Ma'aikaci:
Kada PASSED ya rufe maka ido, faifai na iya rubuta haka ana gobe zai mutu. Awa 8,760 ce shekara, ka ga ukun sun yi shekara huɗu da wata takwas suna juyawa. Ba laifi ba ne a kan kansa, an gina su don haka. 3 ɗin layi na 199 kebul ne ko baki, ba faifan ba, in ba ya ƙaruwa manta da shi. Na ukun ne ban yarda da shi ba. Sekta 16 sun riga sun lalace an sauya musu wuri, wasu 8 kuma ya kasa karantawa yana jira. Kuma ka tuna ukun nan tare aka saye su, tare suka sha zafi ɗaya da girgiza ɗaya, ɗan'uwansu na huɗu na asali ma ya riga su tafiya. In ka haɗa RAID 5 da su, ranar da ɗaya ya faɗi, sake ginin zai tilasta wa sauran karanta kowace sekta daga farko har ƙarshe. A irin wannan ranar ce na biyu ke bayyana ciwonsa.

Ummu_Linux:
Ina tare da Baba. Kuma a nan shawarar Ɗan_Sabon_Gari ta share amanar mutane da gwajin lafiya suka haɗu a aiki guda:
sudo badblocks -b 4096 -wsv /dev/disk/by-id/sunan-faifan
Yana rubuta zane huɗu a kan faifan duka, yana karanta kowanne. Na ƙarshen sifili ne. In ya gama, babu tambari, babu albashin kowa, kuma ka san gaskiyar faifan. Sai ka sake duba 5 da 197, ka kwatanta da na yau.

Mai_Sola_Gusau:
Hajiya Ummu ki yi masa lissafin lokaci dai. TB 4 a kan MB 150 a daƙiƙa wajen awa bakwai da rabi ne zagaye ɗaya. Rubutu huɗu, karatu huɗu, awa sittin ke nan. Kwana biyu da rabi ba ƙiftawa. Wa ke da wannan wutar? Kuma badblocks in ya katse ba ya tuna inda ya tsaya, sai in kai ka rubuta lambar.

Ummu_Linux:
Gaskiyarka. To ya ƙara -t 0, zane ɗaya, awa goma sha biyar. Kuma ya kunna huɗun lokaci guda a taga huɗu, ba sai ɗaya ya jira ɗaya ba. Ya sa musu fanka a gaba, in zafinsu ya haura digiri 50 ya dakata.

Ɗan_Maradi:
Sannunku da aiki. Maganar zafi ita ce tawa. Nan wurinmu a watan Afrilu ɗaki ba iska sai ka ga faifai ya kai 55 yana zaune ba ya komai. Faya-fayan saba sun saba da ɗaki mai sanyi da fankoki shida suna hura su. Tsohuwar kwamfutar tebur an yi ta don faifai ɗaya ko biyu. In ka jera huɗu manne da juna, na tsakiya ne zai fara gajiya. Ka bar rata tsakaninsu, ko da sai ka sayi ƙarfen ɗaurawa a ramin CD.

Gwani_PERC:
Na zo a makare. Don amfanin gaba: da sabar na hannu, hanya mafi tsabta ita ce tun kafin a zare su a shiga katin da Ctrl+R lokacin tashi, a goge rumbun daga can. Haka in ka sa tsohon faifai a wata sabar Dell ka ga ta rubuta Foreign, F2 za ka danna a kan katin, Foreign Config, ka ga Import da Clear. Import na dawo da tsohon rumbun da bayanansa, Clear na goge tambarin. Mutane da yawa na danna Clear don saƙon ya daina damunsu, alhali bayanan suke so. Na kwamfutar tebur masu Intel RST kuma Ctrl+I ne, a zaɓi mayar da faifai ba na RAID ba, a Linux sunansa isw_raid_member.

Ni a ra'ayina ma ka koma ka roƙi sabar gaba ɗaya, katin da batirinsa sun fi mdadm.

Injiniya_Zazzau:
@Gwani_PERC a nan mun rabu. In katin ya mutu sai ya nemo irinsa kafin ya ga bayanansa. Na mdadm kuwa kowace kwamfuta mai Linux za ta karanta. Ga ƙarar R720 da cin wutarta a shagon da ke kan inbata.

Gwani_PERC:
Ai kai da bakinka ka ce Linux na karanta DDF. Ga shi nan ma ya tattara su ba a tambaye shi ba.

Injiniya_Zazzau:
Ya karanta, amma ban taɓa ɗora amanar wani a kan hakan ba. Ceto daban, zaman yau da gobe daban.

Hajiya_Admin:
Ku bar gardamar kati, ku dubi abin da yaron nan zai ajiye. Bidiyon aure ne. Ba a sake ɗaura aure don faifai ya mutu. Ƙanena, ko wane iri ka haɗa, RAID ba ya hana ka goge jaka bisa kuskure, ba ya hana ɓarawo ɗauke kwamfutar, ba ya hana tsawa. Ƙananan faya-fayan nan tara kada ka share su don ka samu rumbu. Ka kai su gida su zama kwafi na biyu.

Bakatsine_77:
Ni dai da ni ne, huɗun zan haɗa RAID 5 in samu TB 12. Sekta takwas a cikin biliyoyi mene ne? Ina da faifai mai 200 a layi na 5, shekara uku yana aiki.

Tsohon_Ma'aikaci:
Akwai irinsu, ban ƙaryata ka ba. Abin dubawa shi ne lambar na tsaye ko tana tafiya. Gwajin zai nuna.

Mai_Studio_Kano:
Salam. Na dawo bayan kwana biyu. Na yi badblocks mai zane ɗaya, na fara bayan asuba a kan sola, na ƙarasa da janareta, awa goma sha shida ya ɗauka. Na farko, na biyu da na huɗu: kuskure sifili, lambobinsu ba su motsa ba. Na uku kuwa tun wajen kashi 70 ya fara wani ƙas-ƙas yana tsayawa, layi na 5 ya tashi daga 16 zuwa 88, 197 kuma ya koma 24. Na cire shi na rubuta masa "kada a sa aiki" da alƙalamin maka.

Yanzu uku ke nan. Tunanina in haɗa tsoho ɗaya da sabon nan na 2019 su zama madubin juna, RAID 1, tunda ba sa'o'in juna ba ne. Ɗaya tsohon kuma ya zauna a akwatin USB, duk Juma'a in kwafa masa in mayar da shi gida. TB 4 kawai zan samu maimakon 12 da na sa rai, amma ayyukan da ke hannuna duka ba su kai TB 3 ba.

Gwani_PERC:
Da uku ai RAID 5 zai ba ka 8. Cikin shekara za ka cika 4 ɗin nan, bidiyon yanzu ba ya wasa.

Ummu_Linux:
In madubin za ka yi, kada ka ba mdadm faifan ɗungurungum. Yanka fatishin a kowanne, ka rage kamar MB 200 a ƙarshe, don TB 4 na wannan kamfani da na wancan ba lallai su zo daidai sekta da sekta ba, ranar sauyi kada sabon ya gaza da kaɗan. Ka sa shi a mdadm.conf, ka yi update-initramfs -u, in ba haka ba zai tashi da suna md127 ka ɗauka tsohon ne ya dawo. A fstab kuma, fayil ɗin da ke jera abin da za a jona lokacin tashi, UUID za ka rubuta, wato lambar shaidar da ba ta sauyawa.

Sabon_Shiga_01:
Ni ma ga nawa rahoton. Na farko ya gama cikin awa uku da wani abu, yanzu yana nuna 838G, har na yi masa fatishin. Na biyun yana kashi 61 hadari ya taso, batiri ya yi ƙasa, inbata ta yi ƙara ta mutu. Yanzu dmesg na cewa "Medium format corrupted". Anti Ummu, in sake ba shi umarnin nan daidai yadda yake, ko akwai abin da zan ƙara?

Ummu_Linux:
Daidai yadda yake, amma ka sake duba lambar sg da siriyal tukuna, kada ka maimaita wa wanda ya riga ya gyaru. Ka bari sai gobe rana ta fito.